Zan kai saƙata baje koli karo na farko, amma gabana faɗuwa yake yi

"Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya. Kusan shekara biyu ke nan ina koyon saƙa wajen wata dattijuwa a unguwarmu, a irin masaƙar tsaye da iyayenmu mata ke saƙa gwado da majanyi. Da hannuna ya ɗan faɗa, sai na fara saƙa hotuna na ratayewa a bango, ina sauya launin zare har siffa ta fito. Na gama guda uku: ɗaya ganuwa da ƙofar gari, ɗaya bishiyar rimi da Dutsen Kufena a bayanta, ɗaya kuma dagi. Wata ƙawata da ta karanci zane a jami'a ta gani, ta ce lallai in kawo su wani baje kolin ayyukan hannu da za su yi nan da mako shida. Na amsa mata, amma tun ranar gabana ke faɗuwa. Gefen saƙar bai miƙe ba, tsakiyarta ta tsuke, bayanta kuma duk jelar zare ce. Da goggona ta gani cewa ta yi, 'To wannan shimfiɗa ce ko abin goge ƙafa?' Sauran masu kawo aiki duk masu digiri ne. Ina kuma tsoron kada abin ya zama nuna kai. Maigidana ya ce duk wanda na zaɓa yana bayana. In janye in bari sai na ƙware, ko in rufe ido in je?"

Wata 'yar'uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki janye. Ki kira ƙawar taki ki tabbatar mata kina nan tafe, sai dai ki ce mata guda biyu za ki kawo. Kuma ba rufe ido za ki yi ba, buɗe shi za ki yi sosai, domin mako shidan nan akwai aiki a cikinsu.

Bari in fara da "sai na ƙware", don a nan yawancin masu sana'ar hannu ke maƙalewa. Ki roƙi malamarki ta ɗauko miki gwadon da ta fi so cikin duk waɗanda ta saƙa. Kafin ki gama yabonsa za ta ɗora yatsa a wani wuri ta ce, "Nan hannuna ya yi nauyi." Haka abin yake ga kowa. Duk sa'ad da hannu ya ƙaru, ido ma ƙaruwa yake yi, kuma kullum idon ne a gaba. Shekara biyu da suka wuce da an nuna miki wannan saƙar da ba za ki lura gefenta ya karkace ba. Yau kina gani, har yana hana ki barci, saboda kin koyi abin da a da ba ki sani ba. Idan kika ce sai ranar da hannunki ya kamo idonki, saƙa za ta yi ta taruwa a akwati har asu ya riga mutane ganinta.

Akwai kuma ilimin da ba za ki samu a ɗakinki ba ko shekara nawa kika yi. Mai saƙa tana aiki fuskarta taƙi biyu daga zare. Mai kallo kuwa taku uku ko huɗu yake tsayawa. Abin da ke damun ki a taƙi biyu, rabinsa ba ya kai wa taku huɗu, kuma akwai abin da ake gani daga taku huɗu wanda ke ba ki taɓa gani ba. Don haka gobe da safe, kafin rana ta take, ki rataye ukun a bangon tsakar gida, ki ja da baya, ki zauna ki dube su a natse. Ki ɗauki hoton kowanne da waya, sannan ki mayar da hoton baƙi da fari. Nan take za ki ga gaskiyar launukanki. Idan rimin nan ya narke cikin dutsen da ke bayansa har ba a bambance su, to launukan biyu nauyinsu ɗaya, ko da ɗaya kore ne ɗaya ruwan ƙasa. Idan kuwa ƙofar garin ta fito tsaf daga jikin ganuwa, wannan saƙar ta tsaya da ƙafarta. Biyun da suka fi tsayuwa daga nesa su za ki kai. Na ce biyu ne saboda mai rauni yana janyo masu ƙarfi ƙasa idan aka jera su wuri ɗaya, kuma gyaran da zan faɗa miki yana cin lokaci. Gara biyu da aka gama su tsaf da uku da aka yi musu gaggawa.

Yanzu maganar gefe, wadda na ga ta fi ci miki rai. Saƙar da ta faɗaɗa sama da ƙasa ta tsuke a tsakiya kamar kalangu, kusan babu wanda ya fara saƙar hoto bai yi ta ba, kuma ke kina da wani dalili na musamman. A gwado, zaren tsaye ne ke fitowa a fuska. An jera shi a matse, shi ke rufe zaren kwance, saboda haka malamarki ta koya miki ki ja zaren kwance ya miƙe sosai kafin ki buga. A gwado wannan daidai ne. A saƙar hoto abin ya juya: zaren tsaye yana da tazara, zaren kwance ne ke lulluɓe shi gaba ɗaya. Yana hawa kan zare ɗaya, ya nutse ƙarƙashin na gaba, ya sake hawa, don haka tsawon da yake buƙata ya fi faɗin saƙar. Idan kika ja shi ya miƙe, inda zai samo ƙarin tsawon nan shi ne ya janyo zaren gefe zuwa ciki. Layi ɗaya ba a gani. Layi ɗari uku sai ki tarar inci guda ya tafi ta kowane ɓangare. Ashe hannunki biyayya ya yi wa darasin da aka koya masa, darasin ne na wata saƙar daban. A aiki na gaba, ki riƙa ajiye zaren kwance da sassauci, ya yi 'yan tuddai uku ko huɗu a cikin bakin saƙar, sannan ki danna su da matsefi daga gefe guda zuwa ɗayan. Ki ɗaura igiya a miƙe ta kowane gefe ta zama miki ma'auni, kuma duk inci biyu ki sa tef ki auna faɗi. Da zarar kin ga ya ragu, ki warware ki koma. Warware layi goma ya fi sauƙi a kan zama da karkatacciyar saƙa.

Waɗanda kika riga kika cire daga masaƙa fa? Idan tsukewar kaɗan ce, tana gyaruwa. Amma kafin ruwa ya taɓa su ki yi gwaji biyu. Na farko, ki jiƙa farin ƙyalle ki danna shi a kusurwar baya, a kan kowane launi. Idan launi ya biyo ƙyallen, musamman shuɗin baba ko jan rinin kasuwa, to ki manta da maganar ruwa, kada ganuwarki ta koma ja-ja-shuɗi ana saura kwana kaɗan. Na biyu, ki san wane irin zare ne a hannunki. Ki yanki ɗan guntu ki kusantar da shi ga ashana. Auduga tana ci da wuta tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi, abin da ya bari kuma yana murƙushewa a yatsa. Abin da ake sayarwa a kanti da sunan ulu yawancinsa roba ne, narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Irin wannan idan dutsen guga mai zafi ya hau shi sai ya yi laƙwas, ba ya kuma dawowa. Idan zarenki auduga ne ko ulu na gaske kuma rinin bai zuba ba, ki shimfiɗa tawul mai tsabta a kan katako, ki kifa saƙar a kai, ki ja gefunan a hankali ki kafe su da allurai masu kai waɗanda ba sa tsatsa, ki ɗora ƙyalle mai danshi, ki riƙa ɗora dutsen guga kina ɗagawa ba tare da gogawa ba. Ki bar ta a kafe har ta bushe ƙamas, kwana ɗaya ko biyu.

Idan tsukewar ta yi yawa, kada ki yi kokawa da ita. Ja da ƙarfi zai buɗe saƙar ne zaren tsaye ya leƙo. Ki sa kafinta ya yi miki allo mara nauyi wanda ya fi saƙar girma da inci uku ta kowane gefe, ki lulluɓe shi da yadi mai launi ɗaya, mai duhu, ki ɗinke saƙar a kai da ƙananan ɗinki ta baya. Idon mai kallo zai huta a kan miƙaƙƙen gefen allon, lanƙwasar saƙar kuma ta zauna a matsayin abin da hannu ya yi. Ki duba tsohon luru idan akwai a gidanku. Ƙyalle-ƙyalle ne aka saƙa daban aka haɗa su gefe da gefe, kuma sau da yawa adon wannan ƙyallen bai haɗu daidai da na maƙwabcinsa ba. Ba wanda ya taɓa raina luru saboda haka.

Bayan saƙar kuwa dole ki gyara shi, saboda mu ba ma kallon tufa da ido kaɗai. Ki tsaya a rumfar masu kayan saƙi a Kasuwar Kurmi ki ga yadda dattijuwa ke sayen zane. Ba ta fara duban ado. Sai ta kama kusurwa ta juya, ta murza tsakanin babban yatsa da manuni, ta ɗaga shi sama ta ga ko haske yana ratsawa, ta ja bakin ta ji ko zai saki. Ko an rubuta kada a taɓa, wani zai ɗaga kusurwar saƙarki ya leƙa. Jelar zaren nan ki rage tsawonsu ya zama kamar inci ɗaya, waɗanda ke kusa da gefe ki sa allura ki mayar da su ciki don kada su leƙo ta gaba. Inda launi biyu suka haɗu a tsaye suka bar tsaga, idan tsagar ta kai inci guda ki ɗinke ta ta baya da zaren ɗinki mai ƙarfi, in ba haka ba nauyin saƙar zai buɗe ta idan ta daɗe a rataye. Ki ƙulla zaren tsaye biyu-biyu a sama da ƙasa, ki naɗe su baya ki yi kalmasa. Sannan ki sayi akoko, ki wanke shi tukuna domin yana shiga idan ya sha ruwa, ki yi wa bayan shafi. Wannan aikin ba ya buƙatar wata baiwa, haƙuri da allura ne kawai, amma shi ne ke sa mai kallo ya ji an girmama shi.

Wajen ratayewa, ƙusa da gam kada su kusanci saƙar. Ki ɗinka dogon aljihu a saman shafin ki zura sanda miƙaƙƙiya mai santsi, ko ki ɗinka Velcro, maɗaurin nan na takalman yara, ɓangare mai laushi a jikin shafin, mai ƙaiƙayi a jikin siririn katako. Na biyun ya fi raba nauyi daidai. Ranar kaiwa kada ki ninke ta. Ki naɗe ta a jikin bututun roba, fuskar hoton tana waje, ki lulluɓe da tsohon zane mai tsabta. Idan kin isa ki roƙi bangon da rana ba ta dukansa kai tsaye, don rana tana cin rini, kuma idan lokacin hunturu ne ki nisanci bakin ƙofa saboda ƙura.

To, masu digiri. Ba zan ce miki karatunsu ba komai ba ne. Zariya gari ne da ake koyar da zane tun shekarun 1950, kafin ma a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma wanda ya bi ta nan ya saba a ɗora aikinsa a gaban aji a yi masa fata-fata. Wannan sabon ne suka fi ki, kuma shi ne abin da za ki fara samu ranar baje kolin. Amma a saƙar hoto, takarda ba ita ce ƙofa ɗaya tilo ba.

A Masar akwai wani ƙauye da ake kira Harraniya, kusa da dalar Giza. A farkon shekarun 1950 wani masanin tsara gine-gine, Ramses Wissa Wassef, shi da matarsa Sophie, suka tara yaran ƙauyen waɗanda ba su taɓa shiga ajin zane ba, suka ba su ƙananan masaƙu da zare. Ya gindaya ƙa'idoji uku: ba a zana hoto a takarda a kwaikwaya, ba a kwafar aikin wasu, kuma manya ba sa tsoma baki da suka ko gyara. Yaro ya saƙa abin da ya gani a ƙauyensu, dabino, gonaki, kasuwa, kai tsaye daga kansa zuwa zare. Rinin ma a lambun wurin suke shuka tsirransa. Kafin shekarun 1950 su ƙare an baje ayyukan yaran nan a Alƙahira, daga nan suka tsallaka Turai, kuma yau suna cikin manyan gidajen tarihi. Mutumin ya rasu a 1974, iyalinsa suka ci gaba da riƙe wurin, wasu daga cikin yaran farko kuma suka tsufa a bakin masaƙa. Abin da nake so ki ɗauka daga labarin nan shi ne ƙa'ida ta uku. Malamin ya san cewa suka idan ta zo da wuri, daga bakin da bai san aikin ba, tana kashe hannu. Ke babba ce, ba wanda zai tsare miki ƙofa, don haka ke za ki zaɓi bakin da za ki bari maganarsa ta shige ki.

A Senegal kuwa wata hanyar aka bi. A 1966, zamanin Shugaba Senghor, aka buɗe masaƙar gwamnati a garin Thiès, inda mai zane ke zana hoto, ƙwararrun masaƙa su bi shi zare bayan zare. Ɗaya daga cikin ayyukansu yana rataye a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York. Hanyar makaranta ta kai bango, hanyar ƙauye ma ta kai. Kuma ki lura, yawancin waɗanda za ki tarar a wurin nan da fenti da buroshi suke aiki. Mai yiwuwa ke kaɗai ce a ɗakin da ta san yadda ake sa zare ya yi lanƙwasar reshen rimi.

Maganar goggo na san ta yi miki zafi, amma kada ki riƙe ta. Tambayarta tana da tushe. Saƙar ƙasar Hausa ta amfani ce tun asali. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a can ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, kuma duk na sawa ne da lulluɓa: riga, rawani, zane, turkuɗi. Wadda ta tashi a cikin wannan, idan ta ga saƙa abin da zai fara zuwa mata shi ne, me za a yi da ita? Amsar tana cikin gidajenmu. Falo nawa kika shiga kika ga darduma mai hoton Ka'aba a bango, tsarabar Makka, wadda ba a taɓa shimfiɗa ta ba? Jeren ɗakin amarya fa, kwanukan da ba a cin abinci a cikinsu? Fulanin Mali suna da arkilla, doguwar saƙar ulu mai ado da ake ratayewa a gadon amarya. Mun daɗe da sanin abin da ake ajiyewa don ido. Abin da goggo ba ta saba gani ba shi ne a ce 'yar gida ce ta yi shi da hannunta. Ki gayyace ta. Ki biya mata kuɗin mota, ki sa ta a gaba. Ganin baƙi sun tsaya a gaban aikin zai yi mata bayanin da ke ba za ki iya yi ba, kuma ko bai yi ba, kin sauke haƙƙin girmanta.

Nuna kai kuma, na ji daɗi da kika kawo shi, don alama ce zuciyarki a farke take. Amma ki bambance. Masaƙan da ke zaune a rumfa a bakin hanya, ƙafa tana taka, hannu yana jefa ƙoshiya, duk mai wucewa yana kallonsu, ba wanda ya ce nuna kai suke yi. Gwadon malamarki ma dillaliya tana yawo da shi gida-gida ana juya shi ana tayawa. Sana'a ba ta rayuwa a ɓoye. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, Allah ya ƙara mata yarda, an san ta da aikin hannu, tana jima tana ɗinki tana sadaka da abin da ta samu. Ki gyara niyyarki tsakaninki da Ubangijinki, ki tafi da shigarki ta mutunci, tunda maigida ya amince. Idan sunanki ne ba kya so ya fito a kati, ki sa alkunya ko sunan da kika ga dama.

Ranar kanta, abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki ba da haƙuri a gaban aikinki. Na san bakinmu. Mutum zai ce, "Kai, wannan ya yi kyau," ke kuma ki ce, "Wallahi koyo nake yi, duba ma nan gefen ya karkace." Kin kama hannunsa kin kai shi inda bai gani ba, kuma daga lokacin ba zai ƙara ganin komai ba sai gefen. Ki ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri," ki yi shiru. Idan ya nemi ƙarin bayani, ki ba shi abin da yake tabbas: zaren auduga ne, a masaƙar tsaye na saƙa, wata kaza ya ɗauke ni, wannan rimin na hanyar gidanmu ne. Cewa wannan ne karonki na farko ba laifi ba ne idan an tambaya, ki faɗe shi yadda za ki faɗi sunan unguwarku. A ƙaramin kati ki rubuta sunan aikin, irin zaren, tsawo da faɗi, da shekara. Idan malamarki ta yarda ki ƙara cewa a wajenta kika koya, ki kuma je da ita. Mata irinta sun yi shekaru suna saƙa ba a taɓa rubuta sunansu a jikin komai ba.

Idan da hali, ki tafi da ƙaramin firam na katako da kika fara saƙa a kai, ki zauna kusa da ayyukanki kina yi. Yana ba hannu abin yi lokacin da gaba ke faɗuwa, kuma wanda ya ga yadda layi ɗaya ke ɗaukar lokaci, kallon da zai yi wa na bangon daban ne. Yara za su taru. Ki bar su su gwada a firam ɗin, hakan zai ɗauke hannunsu daga na bango.

Ki sa a ranki cewa mutane da yawa za su wuce ba su tsaya ba. Haka ake yi wa kowa, har wanda ya fi kowa suna a ɗakin. Wasu za su yaba don kara, ki karɓa da godiya. Wani zai yi magana don a san ya iya magana, ki bar ta a nan inda ya faɗe ta. Wanda za ki buɗe wa kunne shi ne wanda ya daɗe a tsaye, ya matso, ya ja da baya, sannan ya nuna wuri guda ya ce wani abu takamaimai, misali sararin saman ya yi nauyi har ya danne dutsen. Irin wannan ko da zafi ki rubuta ta a ɗan littafi, ki nemi lambarsa idan mai sana'ar ne kuma ya dace. Kada ki yanke hukunci a kan komai a ranar. Ki bari sai bayan mako guda ki buɗe littafin.

Kuɗi kuma ki gama shawara tun a gida. Wani zai taya, kuma idan ba ki shirya ba kunya za ta sa ki sallama a kuɗin da bai biya zare ba. Ki lissafa zare, akoko, katako, ladan kafinta, sannan ki ƙiyasta kwanakin da kika zauna, ki yi musu kuɗi ko da daidai da abin da mai ɗinkin hula ke samu ne. Saƙar hoto aiki ne mai tafiyar hawainiya a ko'ina. A manyan masaƙun Turai ƙwararre yakan kwashe wata guda ko fiye a kan murabba'in mita ɗaya. Za a ce miki ai ana samun kafet na kamfani da rabin wannan kuɗin. Gaskiya ne, sai ki ce wancan inji ne ya buga dubunsa, wannan guda ɗaya ne. Idan farashin bai samu mai saye ba, ki dawo da kayanki gida ba tare da jin an kayar da ke ba. Ni ma shawarata ita ce ki rubuta "ba na sayarwa ba ne" a jikin ɗaya, wanda kika fi so. Nan da shekara biyar za ki so ki ajiye shi kusa da sabon aikinki ki auna tafiyar da kika yi.

Kafin ki miƙa kayan, ku yi magana a fili da masu shiryawa, kuma ta zama a rubuce ko da saƙon WhatsApp ne. Kwana nawa za a yi? Wa ke tsaron ɗakin da dare? Idan an sayar, nawa ne kasonsu? Idan abu ya lalace ko ya ɓace, wa zai ɗauki nauyi? Yaushe za ki karɓi kayanki? Kasancewar ƙawarki a ciki ba dalilin yin shiru ba ne, wannan tambayar ma ita ce za ta tsare zumuncinku. Ki ɗauki hoton gaba da bayan kowace saƙa a ranar da za ki ba da ita.

Ga yadda nake ganin makonnin. Wannan makon ki zaɓi biyun, ki yi gwajin rini da na zare, ki je wajen kafinta, don su ba a ba su aiki a ƙurarren lokaci. Mako biyu na gaba na allura ne: jela, tsaga, kalmasa, shafi. Na huɗu ki rataye su a gida yadda za a rataye su a can, ki bar su kwana uku ki ga ko wani wuri zai saki. Abin da ya rage na kati ne da farashi da gyaran abin da ya ɓullo. A cikin wannan tsakanin kuma ki ɗora sabon zaren tsaye a masaƙa, siriri, faɗin taƙi ɗaya, ki fara gwada sassauta zaren kwance da auna faɗi duk inci biyu. Ko baje kolin ya yi daɗi ko bai yi ba, washegari kina da aikin da ke jiran ki, kuma gyaran da aka ba ki a can a kansa za ki fara gwadawa.

Allah ya sa albarka a hannunki. Ki gaishe min da malamarki da goggo, kuma bayan an tashi ki rubuto min abin da ke cikin ɗan littafin nan.